Idan Tarakta Ta Ƙi Tashi: Bin Sawun Man Gas Daga Tanki Zuwa Nozul

Gabatarwa

A yawancin ƙasar Hausa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma kwanakin da manomi yake da su tsakanin saukar ruwan shuka da wucewar lokacin shukar ƙalilan ne. A cikin waɗannan 'yan kwanaki tarakta ɗaya kan yi wa gonaki masu yawa haro, musamman inda ake hayarta. Saboda haka idan ta tsaya cik a tsakiyar gona, asarar takan wuce mai ita, ta shafi duk manoman da ke jiran layi ya zo kansu.

Da yawa daga cikin taraktocin da ke wannan aiki tsofaffi ne. Akwai ƙirar Massey Ferguson da aka shigo da su daga waje, akwai kuma ragowar Steyr da Fiat waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Bauchi da Kano a shekarun 1980. Wani ciwo da ya zame musu ruwan dare shi ne yankewar mai, wato man gas ya kasa isa cikin inji yadda ya kamata. Da zarar haka ta faru sai a ji ana cewa injekta ta mutu, a kwance babban famfo a nufi birni da shi, alhali sau da yawa laifin yana can baya a wani ɗan zoben roba ko wata toshasshiyar filta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Wannan maƙala za ta bi hanyar da mai yake bi tun daga tanki, ta nuna yadda ake gano inda ya tsaya, da kuma dalilan kimiyya da ke ƙarƙashin kowane mataki. Za a kafa misali da Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, mai injin Perkins na silinda uku.

Yadda Injin Gas Yake Kama Wuta

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin gas, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya yi wa rajista a 1893, ya kuma nuna shi yana aiki sosai a 1897, ba shi da irin wannan fulogi. Iska tsagwaronta yake zuƙa, sai fistin ya danne ta har ta koma kashi 1 cikin 16 zuwa 20 na wurin da ta cika da farko. Wannan danniya kan sa zafin iskar ya haura digiri 500 a ma'aunin santigireti, shi kuwa man gas bai buƙatar ko digiri 300 kafin ya kama da kansa. A daidai wannan lokaci ne ake fesa man a cikin silinda, sai ya kama nan take.

Sharaɗin shi ne man ya shiga a matsayin feshi mai laushi kamar hazo, a daidai lokaci, kuma daidai gwargwado. A irin wannan inji bakin nozul ba ya buɗewa sai matsin mai ya kai wajen ninki 170 na matsin iskar sarari. Domin kwatanci, iskar da ake bugawa tayar ƙaramar mota ninki 2 ce da 'yan kai. Yawan man da ake fesawa kowane karo kuwa, ko da tarakta tana jan garma, bai wuce kimanin ɗigo ɗaya ba, wato kashi 1 cikin 20 na mililita. Idan inji mai silinda uku yana juyi 2,000 a minti, ana yin irin wannan feshi sau 3,000 a minti ɗaya, wato sau 50 a kowace daƙiƙa.

Zangon da Mai Yake Yi

Zango na farko shi ne tanki. Murfinsa yana da 'yar ƙofa ta shigar iska, a gindinsa kuma akwai makunnin mai da 'yar raga mai tare manyan tarkace. Na biyu shi ne kofin gilashi, inda ruwa da laka suke kwantawa a gan su da ido. A wasu taraktoci yana haɗe da ƙaramin famfo, a wasu kuma da filta. Na uku shi ne ƙaramin famfo, mai tantani na roba da bawul biyu, wanda injin ke motsawa. Yana kuma da ɗan hannu da ake bugawa da yatsa idan inji ba ya aiki. Matsinsa bai kai ko ninki ɗaya ba, aikinsa kawai ya tura mai gaba. Na huɗu ita ce filta, ɗaya ko biyu. Na biyar shi ne babban famfo, wanda makanikai ke kira injekta. Na shida su ne bututan ƙarfe masu kai mai ga nozul na kowace silinda. Daga ƙarshe akwai siririn bututu mai mayar da rarar mai baya.

Babban famfon da ke kan wannan inji shi ne wanda ake kira DPA, ƙirar kamfanin CAV na Ingila, wanda ya fara yin sa a 1956 bisa fasalin wani Ba'amurke, Vernon Roosa. Wani abin lura game da shi shi ne, man gas ɗin da ke ratsa shi, shi ne kuma yake zame masa man shafawa. Duk abin da ya gurɓata mai, ya taɓa lafiyar famfon kai tsaye.

Abokan Gaba Uku

Ta farko ita ce iska. A 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan zafi bai sauya ba, aka matse iska ta koma rabin wurin da ta cika, matsinta yakan ninka sau biyu. Ruwa da mai kuwa da ƙyar suke matsuwa. A ƙaddara akwai ƙwayar iska mai girman ɗigo biyu a cikin bututun ƙarfe. Famfo ya turo ɗigo ɗaya na mai. Ƙwayar iskar za ta tsuke ta koma rabi, matsin ya tashi zuwa ninki 2 kacal, alhali nozul yana jiran 170. Da famfo ya saki sai iskar ta sake buɗewa. Haka za a yi ta yi har batir ya mutu, ko ɗigo bai shiga silinda ba. Wannan ne ya sa taraktar da mai ya ƙare mata ba ta tashi don kawai an cika tanki, sai an fitar da iskar da ta sha.

Na biyu shi ne ruwa. Litar ruwa kilo 1 ce, ta man gas kuwa wajen giram 840, don haka ruwa yakan kwanta a ƙasa, daidai inda ake zuƙar mai. Yana shiga ta hanyar durom da aka bari a ruwan sama, da jarkar da ba a tsane ba, da kuma raɓa: tankin da aka kwana da shi rabi yakan shaƙi iska mai laima, idan dare ya yi sanyi laimar ta zama ɗigon ruwa a jikin ƙarfe. Ruwa yana kawo tsatsa, ba ya shafe ƙarfe kamar mai, kuma a iyakar da ya haɗu da mai wasu ƙananan halittu, dangin funfuna da bakteriya, sukan hayayyafa su zama baƙar yauƙi mai toshe filta.

Na uku shi ne datti. Tazarar da ke tsakanin sassan da ke matsa mai a cikin babban famfo da nozul 'yan maikuron kaɗan ce. Maikuron shi ne kashi 1 cikin 1,000 na milimita, kaurin gashin mutum kuwa yakan kai wajen maikuron 70. Ashe ƙurar da ido bai gani ba ta isa ta kankare waɗannan sassa. A ƙasar da hunturu ke busa ƙura wata da watanni, mazurari da aka ajiye a ƙasa ko tsumman da aka toshe bakin jarka da shi ba ƙaramar illa ba ne.

Karanta Alamu Kafin a Ɗauki Sifana

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a kwance komai, sai a tambayi direba yadda abin ya faro, a kuma dubi bakin salansa yayin da ake buga kik.

Idan inji yana juyawa da ƙarfi amma babu hayaƙi ko kaɗan, mai bai shiga silinda ba. Idan farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana fita, mai yana shiga amma bai ƙone ba. A nan zato yakan koma ga raunin danniya, ko saɓanin lokacin feshi, ko ruwa a cikin mai. Baƙin hayaƙi na nuna mai ya fi iska yawa, wato filtar iska ta toshe, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi, ko an ɗora wa tarakta abin da ya fi ƙarfinta. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan wani ciwo ne dabam.

Lokacin da ciwon ke tashi shi ma shaida ne. Taraktar da ke aiki lafiya na ɗan lokaci sai ta shaƙe ta mutu, in an huta ta sake tashi, tana nuna akwai abin da ke tauye mai a hankali. Wadda ke wahalar tashi da safe amma ta wuni lafiya, mai ne ke zurarewa baya da dare, iska tana maye gurbinsa. Wadda ke silo lafiya amma ta karaya da an sauke garma, tana samun mai, sai dai bai ishe ta ba. Wadda ta mutu jim kaɗan bayan an sauya filta ko an sha sabon mai, sai a fara bincike daga abin da aka taɓa na ƙarshe.

Bincike Daki-daki

Da farko a tsayar da tarakta a wuri mai daidai, a cire giya, a ja birki, a goge ƙura daga duk wurin da za a kwance.

Mataki na ɗaya: a leƙa tanki da ido, kada a dogara da allurar awo, domin a tsohuwar tarakta ta sha yin ƙarya. A tabbata makunnin mai a buɗe yake. A kuma tabbata mariƙin da ake ja a kashe inji ya koma ciki sosai, har can jikin famfo, don wayarsa takan cije. A taraktar da ake kashewa da makulli, a saurara a ji ko ɗan bawul na lantarki da ke jikin famfo yana ƙara idan an murɗa.

Mataki na biyu: da inji ya mutu a buɗe murfin tanki a kasa kunne. Idan aka ji iska ta faɗa ciki, 'yar ƙofar murfin ta toshe. Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ƙofa ɗaya ya san ba ta zuba sosai sai an huda ta biyu, domin sai iska ta shiga ta maye gurbin abin da ya fita.

Mataki na uku: a kwance bututun da ya fito daga tanki, a tara kwano mai tsabta. Ana so mai ya kwararo cike da bakin bututu har tsawon minti guda. Idan ya fara da ƙarfi sannan ya koma ɗigo, ragar gindin tanki ta toshe, ko wani ganye ko guntun leda yana yawo yana rufe ƙofar. A dubi kofin gilashi: ruwa yakan fito fili a ƙasa, da layi tsakaninsa da mai.

Mataki na huɗu: a sassauta bututun da ya fita daga ƙaramin famfo a buga hannunsa. Lafiyayyen famfo yana tofo mai da ƙarfi a kowane bugu. Idan hannun ya yi sakwaf, mai yiwuwa injin ya tsaya ne a inda ya riga ya danne tantanin. A juya inji zagaye ɗaya a sake gwadawa. A zaro sandar awon baƙin mai a shinshina. Idan baƙin man ya ƙaru, ya tsinke, yana warin gas, ana zargin tantanin ya yage yana zubar da gas cikin inji, ko da yake robar da ke gaban babban famfo ma takan jawo haka. Ci gaba da aiki da irin wannan baƙin mai yana iya kashe injin ɗungurungum.

Mataki na biyar: filta. Ba a wanke filtar takarda, ba a huda ta da ƙusa don mai ya wuce. Sauya ta ake yi. A cire tsofaffin zobban roba duka, a sa sababbi kowanne a mazauninsa. Zoben da aka ɗora a kan tsoho yana shigar da iska, wanda kuma aka sa ba a gurbinsa ba yana iya rufe ƙofofin mai.

Mataki na shida: neman inda iska ke shiga. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo zuƙa ake yi, don haka tsagar da ba ta zubar da mai waje tana iya shigar da iska ciki, kamar yadda tsinken shan lemo mai huji yake kawo kumfa. A haɗa guntun tiyo garai-garai a hanya a duba ko ƙwayoyin iska suna wucewa.

Akwai wata dabara mai raba gardama. A rataye jarka mai tsabtataccen mai sama da inji, a ja tiyo daga cikinta zuwa mashigar filta, a fitar da iska, a tayar. Idan inji ya yi aiki lafiya, laifin yana baya, tsakanin tanki da ƙaramin famfo. Idan ciwon bai tafi ba, yana gaba. Da gwaji ɗaya an raba hanyar biyu an sallami rabi. Wannan ita ce ƙa'idar gwaji a kimiyya: a sauya abu ɗaya tak, a bar saura yadda suke, a ga abin da zai biyo baya.

Fitar da Iska

Ana bin iska ne daga baya zuwa gaba. A sassauta notin da ke saman filta, a yi ta buga hannun ƙaramin famfo har mai ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure yayin da man ke fita. A jikin famfon DPA akwai ƙananan noti biyu na wannan aiki. A fara da na ƙasa, sannan na sama. A ɗaure su a hankali, don ba su da wuyar karyewa. Daga nan a sassauta bututan ƙarfe a bakin nozul, a buɗe totur, a buga kik har mai ya riƙa tsartuwa, sannan a ɗaure a tayar. Kada bugun kik ya wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 a jere; a bar shi ya huce tsakani.

Idan inji ya tashi amma yana ɗingishi, a bar shi a silo, a sassauta bututun silinda ɗaya a saurara, a ɗaure, a koma ta gaba. Silindar da aka yanke wa mai sautin inji ya sauya, tana aiki. Wadda aka yanke wa bai sauya ba, daman ba ta aiki, sai a kai nozul ɗinta awo.

Sai tsabtataccen mai mara kumfa ya isa babban famfo, amma bai fita ta bututan ƙarfe ba, sannan zargi ya tabbata a kansa. Ko a nan ma ba lalle ne ya mutu ba. Akwai 'yar raga a mashigarsa da kan toshe. Haka nan taraktar da ta yi zaman rani wata da watanni ba a tayar da ita ba, ɗan bawul mai auna mai a cikin famfon yakan cije saboda danƙon tsohon mai. Buɗe cikin famfo aikin masu injin awo ne, a ɗaki mai tsabta. Ba a yin sa a kan buhu a bakin gona.

Gargaɗi

Man da ke fita daga nozul ko tsagaggen bututun ƙarfe yana iya huda fata. Raunin yakan yi kama da sukar ƙaya, amma man da ya shiga yana kashe nama, har ya kai ga yanke yatsa ko hannu. Ba a laluben yoyo da hannu, da guntun kwali ake yi, a kuma kawar da fuska. Wanda abin ya sama a garzaya da shi asibiti nan take, a gaya wa likita mai ne ya shige shi da matsi. Kada a tayar da tarakta ana tsaye a ƙasa ta hanyar haɗa wayoyin kik, domin in tana cikin giya za ta taka mutum. Kara tsumma mai fetur a mashaƙar iska yana iya jawo gobara ko ya lalata fistin. Har ila yau, dabarar sassauta bututu ta tsofaffin injuna ce kawai. Sababbin taraktoci masu feshi da kwamfuta matsinsu yakan kai ninki 2,000, ba a kusantar bututansu inji yana aiki.

Rigakafi

A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, don kada a bar wa raɓa wuri. A bar sabon durom ya kwana kafin a ɗiba, kuma kada a zuƙo daga can gindinsa. A guji ajiye man gas a mazubin da aka shafe da tutiya, irin na bokitin kwano, domin man yana cin tutiyar ya kai ta nozul. A guji man da aka surka da kananzir, saboda santsinsa bai kai na gas ba, famfon kuwa da santsin yake rayuwa. A zubar da ruwan kofin gilashi a kai a kai, a sauya filta bisa sa'o'in da littafin tarakta ya ƙayyade, a riƙa tayar da inji lokaci-lokaci da rani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Afrilu ne lokacin wanke tanki, tun hadari bai fara haɗuwa ba.

Gwaji Domin Aji

Malami zai iya nuna tushen wannan darasi da kayan da ba su da tsada. A ɗauki sirinji biyu marasa allura, a cika ɗaya da ruwa, ɗaya da iska, a toshe bakinsu da yatsa a danna. Sannan a bar 'yar iska a cikin na ruwan a sake dannawa, ɗalibai su faɗi bambancin da suka ji. A zuba ruwa da man gyaɗa a kwalba a girgiza, a ajiye, a auna mintocin da suka ɗauka kafin su rabu. A huda tsinken shan lemo da allura a sama da ruwa, a gwada sha da shi.

Kammalawa

An ga cewa injin gas yana dogara ne da ɗigon mai da ake matsawa ninki 170, don haka 'yar iska, ko ruwa, ko ƙura, kowanne ya isa ya tsayar da shi. An kuma ga cewa bincike yana farawa daga tanki ya nufi nozul, daga abu mai araha zuwa mai tsada, ana sauya abu ɗaya a kowane gwaji. Direban da ya riƙe wannan tsari zai iya mayar da taraktarsa bakin aiki a yinin da ta tsaya, in kuma ta kama a kai famfo birni, ya kai shi da hujja.

Tambayoyi

1. Inji mai silinda huɗu yana juyi 1,800 a minti, kowace silinda tana samun feshi ɗaya a juyi biyu. Feshi nawa ake yi a daƙiƙa ɗaya?

2. Ƙwayar iska mai girman ɗigo huɗu tana cikin bututu, famfo ya turo ɗigo ɗaya na mai. Bisa ƙa'idar Boyle, ninki nawa matsin zai kai?

3. Me ya sa tsaga a bututun da ke gaban ƙaramin famfo take zubar da mai, amma wadda ke bayansa take shigar da iska?

4. Tarakta ta yi aiki lafiya da jarkar da aka rataye, ta mutu da aka mayar da ita kan tankinta. Waɗanne wurare uku ya kamata a duba?